Tanadin Ranar da Ɓawo Zai Yi Laushi

Karatu: Farawa 41:46-57

A Qianjiang, cikin lardin Hubei na ƙasar Sin, manoma suna kiwon jan kirefish a gonakin shinkafa. Babban abin da ke hana su barci shi ne cutar farin tabo, wadda kan share kududdufi cikin 'yan kwanaki, ba ta kuwa da magani. Allurar rigakafi ma ba ta yi wa wannan halitta aiki yadda take yi wa mutum ko kaza, sai dai ta dogara da garkuwar da aka halicce ta da ita. Shi ya sa manomi yake zuba kariya cikin abinci tun kirefish ɗin yana lafiya lau: bitamin C, sinadarin glukan da ake samu daga yis, bakteriya masu amfani ga hanji, da kalsiyam saboda ɓawo.

Kirefish ba ya girma sai ya tuɓe tsohon ɓawonsa. Kafin ranar ta zo, jikinsa yakan janye kalsiyam daga ɓawon, ya dunƙule shi ya zama 'yan duwatsu biyu farare a bangon tumbinsa. Da ya tuɓe, sai ga shi tuɓus, har 'yan'uwansa na iya cinye shi. A lokacin ne duwatsun suke narkewa, su fara taurara masa baki don ya iya cin abinci ya farfaɗo. Allah ya shirya masa guzurin ranar rauni tun yana da ƙarfi.

Haka Yusufu ya yi a Masar. Shekara bakwai ana ƙoshi, shi kuwa yana tara hatsi a birane, ba alamar fari ko kaɗan. Da yunwa ta sauka, rumbunan nan ne suka ceci Masar da maƙwabtanta.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, ranar tuɓe ɓawo tana zuwa wa kowa: rasuwar miji, sallama daga aiki, ƙaura zuwa baƙon gari, sakamakon gwajin asibiti. Sau da yawa ta nan Allah yake girmar da mu. Amma a irin wannan rana ido ba ya iya dogon karatu, baki ba ya iya doguwar addu'a. Abin da zai riƙe ka shi ne ayar da ka haddace da safiyar da komai ke tafiya daidai, da zumuncin da ka gina tun ba ka neman taimakon kowa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka fita yau, ɗauki aya ɗaya, ka yi ta juya ta a zuciyarka har yamma.

Addu'a: Ya Uba, ka ba ni yunwar Maganarka a kwanakin ƙoshi. Ka ƙarfafa waɗanda suka tashi da rauni yau, ka sa in zama rumbu gare su. A cikin sunan Yesu, amin.