Hukuncin Sauka a Gidan Haya na Kwanaki a Tsohon Birnin Fas

Tambaya: Mene ne hukuncin mutumin da zai tafi ziyara birnin Fas na ƙasar Maroko, ya kama gidan haya na ’yan kwanaki a cikin tsohon gari ta intanet tun yana ƙasarsa, ya biya kuɗi bai ga gidan ba, kuma yaya sallarsa za ta kasance muddin yana can?

Amsa: Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Asalin wannan mu’amala halas ce, domin ita ce abin da malaman Malikiyya suke kira kira’i, wato sayen amfanin gida ko dabba na lokaci sananne da lada sananne. Wannan tambaya ta yawaita ne saboda masu zuwa daga ƙasar Hausa domin ziyartar zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a Fas a shekarar 1815, sukan fi son sauka kusa da ita da masallacin Ƙarawiyyin da aka kafa a shekarar 859, a cikin tsofaffin gidaje masu tsakar gida da mutanen can suke kira riyad ko dar. Kasancewar mai gidan Bature ne ko wanda ba Musulmi ba, kamar yadda yake a wasu daga cikin irin waɗannan masaukai, ba ya ɓata hayar.

Game da kama gidan da ba a gani ba, Shehu Halilu ya bayyana a Muhtasar cewa hayar gidan da yake nesa ta halatta kamar yadda sayar da shi ya halatta, matuƙar an siffanta shi siffar da take kawar da jahilci, kuma biyan kuɗi tun da farko ba laifi ba ne, domin gida ba ya saurin sauyawa kamar dabba. Wasu malaman mazhaba sun so siffar ta fito daga wani ba mai gidan ba idan an sharɗanta biya kafin gani, kuma bayanan waɗanda suka taɓa sauka a gidan suna iya tsayawa a wannan matsayi. Idan mai haya ya iso ya tarar da saɓanin abin da aka siffanta masa, saɓani mai rage amfani, yana da zaɓin warware hayar da karɓar kuɗinsa.

Sai dai wajibi ne a rarrabe abubuwa biyu da mutane suke cakuɗawa. Wanda ya ƙulla haya yankakkiya ya biya duka, sannan ya fasa tafiya don uzurin kansa alhali an ajiye masa gidan, kuɗin ya tabbata ga mai gida, domin lada yana wajaba da ba da damar amfani ko da ba a amfana ba. Amma arbun, wato kuɗin kafin alƙalami da ake bayarwa bisa sharaɗin idan an cika cinikin a lissafa shi cikin farashi, idan an fasa ya zama na mai gida, Imamu Malik ya hana shi a Muwaɗɗa a ciniki da haya baki ɗaya, Imamu Ahmad kuwa ya halatta, kuma majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta bi wannan fahimta a zamanta na Burunai a shekarar 1993, da sharaɗin a ƙayyade lokacin jira. Abin da ya fi shi ne neman gidan da ake iya soke hayarsa ba tare da asara ba, kuma wanda bai samu ba babu ƙunci a kansa ya yi aiki da maganar masu halattawa.

Mai haya amintacce ne a shari’a, saboda haka ba ya biyan abin da ya lalace da tsufa, kamar fale-falen zallij da suka ɓamɓare ko katakon da ya ruɓe, sai abin da ya ɓata da ganganci ko sakaci. Idan ya tarar da giya a ɗakin, ya nemi a ɗauke ta.

Mas’alar da ta fi nauyi, wadda mai tambaya bai ambata ba, ita ce haƙƙin maƙwabta. An gina Fas a kan tsarin sutura, inda gidaje suke buɗewa ta ciki, lunguna suke da ƙunci har ba mota sai jaki da alfadari, ƙofar gida kuma take karkacewa don kada mai wucewa ya hango tsakar gida, aikin da zaure yake yi a gidan Bahaushe. Saman soro a al’adar garin wurin mata ne, a nan suke shanya, suke hira da maƙwabtansu. Yanzu kuwa saman soron shi ne abin da masu gidajen haya suka fi tallatawa, suna jera kujeru domin baƙo ya hango gari ya ɗauki hoto, alhali a ƙarƙashin idonsa akwai tsakar gidajen mutanen da ba su shiga wannan ciniki ba, ba su kuma ci ko sisi a cikinsa ba.

Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa an shar’anta neman izinin shiga gida ne saboda tsare gani, kuma alƙalan Malikiyya sun gina hukunce-hukunce masu yawa a kan wannan da kuma ƙa’idar hana cutarwa. Ibnur Rami, magini masani da ya rayu a Tunis a ƙarni na 8 bayan hijira, ya tattara su a littafinsa kan hukunce-hukuncen gini, Wansharisi kuma, wanda ya rasu a Fas ɗin kanta a shekarar 1508 miladiyya, ya kawo fatawowi irinsu a Mi’iyar. Daga cikinsu akwai tilasta toshe sabuwar tagar da take leƙa gidan maƙwabci, har an ruwaito daga Sahnun hana ladani hawa hasumiyar da take hango gidaje. Idan an hana ladani, wanda ibada ce ta hau da shi, to mai yawon buɗe ido ya fi cancantar hani. Mai haya ya mallaki amfanin da mai gida ya mallaka ne kawai, mai gida kuwa bai taɓa mallakar leƙen maƙwabcinsa ba, balle ya sayar. Saboda haka hawan soron ya halatta idan katangarsa ta tsare gani ko mutum ya tsaya inda ba ya hango cikin gidaje, amma kallon mata da ɗaukar hotonsu haramun ne, kuma yaɗa hoton ƙarin zunubi ne. Haka nan ɗaga murya da dare a gidajen da bango ɗaya ya raba, ko da da zikiri ne, yana shiga cutarwa idan ya hana mutane barci.

Game da salla, kama haya ba ya mayar da gari mazaunin mutum, abin lura shi ne niyya. Wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku, ba a lissafa ranar shiga idan ya shiga bayan alfijir, zai cika salla tun isowarsa, Juma’a kuma ta wajaba a kansa, ko da yake ba a ƙirga shi cikin mutum 12 da take ƙulluwa da su. Wanda ya kama gidan na kwana biyu ko uku zai yi ƙasaru, sai idan ya bi limami mazauni a masallaci, a nan zai cika tare da shi. Allah ne Mafi sani.