Abin Lura: Musayar Tsohuwar Jita A Gwange

Duk lokacin da kuɗi suka yi wuya a hannun jama'a, cinikin ba ni gishiri in ba ka manda yakan dawo da ƙarfinsa. Haka abin yake a Gwange da maƙwabtanta a Maiduguri: wannan ya ba da waya ya karɓi wata ya yi ciko, wancan ya ba da janareta ya karɓi firji. Cikin kayan da ake musayarsu har da jitar bas, mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda ke ba kiɗa nauyi daga ƙasa. Makaɗan biki da mawaƙan coci da samarin situdiyo duk suna bukatarta, sabuwa kuwa ta fi ƙarfin aljihun yawancinsu. Saboda haka ta hannu ce ke yawo a tsakaninsu.

Haɗarin musaya shi ne tana ɓoye farashi. A cinikin kuɗi mai saye zai taya, mai kaya ya ce albarka, a ja har a sallama, kowa ya san inda aka tsaya. A musaya kuwa kowa da idon so yake kallon nasa, ya kalli na abokinsa da idon raini, ko kuma ƙyalli ya ruɗe shi ya ba da mai kyau ya karɓi wahala.

Abin da ya fi ruɗin samari shi ne sunan da ke rubuce a kan jitar. Kamfanin Fender na Amurka ne ya fito da Precision Bass a 1951, ya biyo da Jazz Bass a 1960, tun daga nan sunan ya zama abin tinƙaho. Sai dai ƙirar Amurka daban, ƙirar Meziko daban, ga kuma Squier, ƙaramin samfurin kamfanin da ake yi a ƙasashe irin su Indunusiya da Sin, wanda kuɗinsa bai kama ƙafar na Amurka ba. Bayan waɗannan ga jabu, wadda suna kawai aka manna mata. Yamaha ko Ibanez mai lafiya ta fi irin wannan sau nawa.

Ka kai wa tsohon mai gyara jita, ba suna zai fara dubawa ba. Zai ɗaga ta ya kanne ido ɗaya ya bi wuyanta da kallo daga kai zuwa gindi, ya ga ko ya karkace. Zai danne tsirkiya a farko da ƙarshe ya duba ratar da ta rage. Zai shafa gefen wuyan ya ji ko ƙarafunan sun fito suna kartar hannu, don zafin Maiduguri, wanda ke haura digiri 40 a watan Afrilu, da busasshiyar iskar hunturu suna tsotse katako. Sannan ya jona ta da lasifika ya murɗa maɓallan ɗaya bayan ɗaya yana sauraron ƙarar tsatsa. Idan saurayi ya ce, "Baba, ai Fender ce," amsar ba ta wuce, "Na gani, ɗana. Ƙarfen da ke cikin wuyan yana juyawa kuwa?" Wannan ƙarfen da ido ba ya gani shi ke miƙar da wuya. In ya cije ko ya karye, gyaran zai iya cinye kuɗin jitar gaba ɗaya.

Mutanen Gwange suna da wani dalili na ƙara buɗe ido. Ranar 10 ga Satumba, 2024, bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau, kogin Ngadda ya yi ambaliya, Gwange kuwa tana cikin unguwannin da suka fi ji a jika. Kaya da yawa sun kwana cikin ruwa, aka shanya su, aka goge. Jitar da ta sha ruwa za ta iya yin sheƙi a waje, amma in aka kwance murfinta sai a tarar da busasshiyar laka a lungu, wayoyi sun yi kore, kusoshi sun yi tsatsa. Wanda masifa ta faɗa wa ba laifi ba ne ya sayar da abin da ya tsira da shi. Laifin yana wajen ɓoye aibin. Sananne ne cewa Manzon Allah (SAW) ya taɓa cusa hannunsa cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai ya tuhume shi kan rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma a gaya masa rariya ce.

Wani abin da ke ɓata lissafi shi ne cewar mai kaya, "Ni fa kaza na saye ta." Wannan magana ba hujja ba ce, kuma wani lokaci mai ita take cuta. A farkon 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a 2024 ta haura 1,500. Wanda ya sayi jitarsa kafin nan, in ya auna ta da tsohon farashi, ya yi wa kansa asara. Wanda kuma ya saya da tsada ya bar ta ta lalace, ba ya bin kowa bashin tsadar jiya.

Hanyar adalci a bayyane take. A yi wa kowace jita kuɗi ita kaɗai, kamar yau za a sayar da ita lakadan. A cire kuɗin gyaran da take bukata, har da sababbin tsirkiyoyi. Abin da ya rage a tsakani shi ne ciko. A ce ta farko ta kai naira 150,000 amma tana neman gyaran 30,000, ta biyu kuma 100,000 ce lafiya lau: cikon 20,000 ne, ba 50,000 ba. A sa wanda ya san kayan kuma ba shi da la'ada a ciki ya zama shaida. A tambayi inda aka samo ta, don kada a wayi gari da kayan sata a ɗaki. A kaɗa ta a ji da kunne kafin a sallama, ba a cinikin biri a sama.

Wannan bai tsaya kan jita ba. Haka za a yi da waya da keken ɗinki da Keke Napep da akuya. Mai karatu, in musaya ta zo maka, ka fara faɗin aibin naka kafin ka nemi na abokinka, kuma kada ka karɓi abin da ba ka san kuɗinsa na yau ba. A unguwa irin Gwange, inda za ku sake haɗuwa gobe a masallaci ko coci ko Kasuwar Gamboru, ribar algus ba ta kai darajar amanar da za a rasa ba.