Saye Daban, Riƙo Daban

Masu iya magana suna cewa wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wannan magana ta ɗauka cewa mai saye ya san abin da ya saya. To amma akwai cinikin da mutum kan biya kuɗi ya karɓi makulli, ya hau ya tafi gida, alhali bai san rabin abin da ya jawo wa kansa ba. Irin wannan ciniki ne muke so mu duba a wannan fitowa, wato sayen tsohuwar mota irin mai tsananin gudu, wadda wani ya hau ya more kafin ta iso hannunmu. Tambayar da ke gabanmu ita ce: idan mutum ya sayi irin wannan mota da kuɗinsa na halal, kula da lafiyarta ganin damarsa ne, ko kuwa hakki ne da wasu ke binsa?

Mai karatu zai tuna cewa ba haka muka taso da sayen tsofaffin motocin waje ba. Tun daga 1975 ake harhaɗa Peugeot a Kaduna, kuma ma'aikaci kan samu bashin mota ya fito da sabuwa dal. Bayan da darajar naira ta faɗi sakamakon tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, sabuwar mota ta gagari yawancin jama'a, sai aka koma wa na hannu, waɗanda ake kira tokumbo ko 'yan Kwatano. Ko da gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga farkon 2017, kasuwar tsofaffin motocin Turai da Amurka ba ta mutu ba. A cikin waɗannan motoci ne ake tsintar irin wadda muke magana a kanta, ta sha wanka da goge, kuɗinta kuwa bai kai rabin na ranar da ta fito daga kamfani ba.

Bari mu ɗauki misali guda domin kada maganar ta tsaya a iska. Tsakanin 2000 da 2006 kamfanin BMW na Jamus ya ƙera wata mota mai suna M3, samfurin da ake kira E46. Injinta mai silinda 6 ne, girmansa lita 3.2, yana ba da ƙarfin dawaki 343, yana kuma iya juyawa har sau 8,000 a cikin minti ɗaya. Daga tsaye takan kai gudun kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 5 da 'yan kai, kuma da gangan aka ƙayyade gudunta a kan kilomita 250. Duk saurayin da ya ji kukan wannan inji ya ji wani abu a zuciyarsa, ba mu ga laifinsa ba.

Sai dai injin da ke juyawa haka ba ya yafe sakaci. Baƙin man da aka tsara masa mai lamba 10W-60 ne, ba duk wanda aka samu a bakin titi ba. Fetur ɗin da ya fi dacewa da shi mai lamba 98 ne. Tazarar bawul ɗinsa ba ta daidaita kanta, dole lokaci-lokaci a buɗe a auna a gyara da hannu. Akwai wasu siraran ƙarafa da ke tsakanin karanshaf da sandunan fistin, waɗanda bakanikenmu ke kira metal. A wannan inji suna cinyewa a hankali, har kamfanin da kansa ya taɓa kiran wasu motocin farkon ƙirar domin a sauya musu. Idan aka bar su suka ƙare, inji ya buga ke nan. Haka kuma an san ƙarfen ƙasan motar yana tsagewa ta baya, daidai inda aka ɗaure ƙafafunta. Mai karatu ya lura: babu ɗaya daga cikin waɗannan da ido ke gani idan mota tana tsaye a filin dillalai tana ƙyalli. Kuma mafi ƙuruciya a cikinsu tun 2006 aka ƙera ta.

Abin da wannan ke koya mana shi ne, kuɗin sayen mota yana sauka da tsufanta, amma kuɗin riƙonta ba ya sauka, hawa ma yake yi. Taya da birki da kuloci ba su san an sayi motar da araha ba. Kuɗin da za su ci a hannun malamin makaranta shi ne za su ci a hannun attajiri. Saboda haka mai saye yana ɗaukar abu biyu a rana guda, ga mota, ga kuma bashin da bai sa hannu a kansa ba, wanda za a riƙa zuwa karɓa duk bayan 'yan watanni. Araha ba ta ado, in ji Bahaushe.

Wani zai ce, to ina ruwan wani? Kuɗina ne, motata ce, in na ga dama na yi mata juye, in na ga dama na bar ta ta lalace. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma da a kan agogo ko rediyo aka yi ta da mun yi shiru, domin agogon da ya tsaya mai shi kaɗai yake cuta. To amma mota a kan hanyar jama'a take tafiya. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. In aka ninka gudun, tazarar da birki ke bukata kafin ya tsayar da ita ba ninki biyu take yi ba, kusan ninki huɗu take yi. Wannan lissafi ne da ake koya wa 'yan sakandare a ajin kimiyya. Man birki kuwa yana shan danshin iska, shi ya sa ake so a sauya shi duk shekara 2. In ya tsufa, zafi na iya tafasa shi, a taka birki a ji ƙafa ta nutse babu komai. Taya ma tana da ranar haihuwa a rubuce a gefenta, lambobi 4, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, kuma roba tana bushewa ko da ba a hau ta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, fiye da rabinsu kuwa masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur. Yarinya mai tallar gyaɗa da ke tsallaka titi ba a yi shawara da ita ba ranar da mai mota ya yanke cewa tsohuwar taya za ta ƙara wata shida. Amma ita ma ya yanke wa.

Ke nan mun samu mutum na farko da ke bin mai mota hakki, wato wanda suke raba hanya da shi. Akwai na biyu, wanda ba a cika tunawa da shi ba, shi ne wanda zai sayi motar nan gaba.

A 1970 wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka mai suna George Akerlof ya yi wani nazari a kan kasuwar tsofaffin motoci, wanda yana cikin abin da ya sa aka ba shi lambar Nobel a 2001. Taƙaitaccen bayaninsa shi ne, mai sayarwa ya san halin motarsa, mai saye bai sani ba. Tunda mai saye ba zai iya bambance mai lafiya da mai ciwo ba, ba zai yarda ya biya kuɗin mai lafiya ba, sai ya taya tsaka-tsaki. Mai motar kirki ya ga tayin bai kai ba, sai ya janye tasa, kasuwa ta cika da masu ciwo. Wato duk wanda ya ɓoye aibin motarsa ba mai saye kaɗai ya cuta ba, har da kowane mai gaskiya da zai kawo tasa kasuwa bayansa. Malamanmu na fiƙihu sun riga sun yi hukunci a kan wannan tun da daɗewa. Duk wanda ya yi karatun Risala a zaure ya san ɓoye aibin haja haramun ne, kuma mai saye yana da zaɓin mayar da kaya idan ya gano aibin da aka rufe masa.

Yanzu mu duba yadda mutumin kirki ke gangarawa har ya tsinci kansa a cikin masu ɓoyewa, domin nan ne zuciyar maganar take. Ba wanda ke sayen mota da niyyar ya cuci wani. Yana saye ne da murna. Juyen farko ya zuba man da aka ce. A na biyu albashi ya makara, ga kuɗin makarantar yara, sai ya ce a zuba mai sauƙin kuɗi, ai duk baƙin mai ne. Wata fitila ta kama a gaban direba tana gargaɗi, aka faɗa masa kuɗin gyara, ya ce a bari sai wata mai zuwa. Inji ya fara wani ɗan ƙara da safe. A nan sai ya gane motar ta fi ƙarfinsa, kuma mafita ɗaya ce, ya rabu da ita tun ba ta mutu a hannunsa ba. Idan ya faɗi gaskiya, zai yi asarar da ba zai iya ɗauka ba. Sai a zuba mai mai kauri don ƙarar ta kwanta, a kashe fitilar gargaɗin, a wanke inji fes, wani lokaci har a mayar da agogon kilomita baya. Dillali ya rantse cewa wata tsohuwa ce ta hau ta a Jamus, daga gida sai kasuwa. Wani saurayin ya zo ya yi cinikin biri a sama.

A ina laifin ya fara? Mu a ganinmu bai fara ranar sayarwa ba. Ya fara ne ranar saye, lokacin da mutumin ya ƙirga kuɗin da ke hannunsa ya ga sun kai, bai ƙirga na shekara uku masu zuwa ba. Wanda ya jefa kansa a halin da gaskiya za ta yi masa tsada fiye da ƙarfinsa, ya riga ya yi rabin ƙaryar tun bai buɗe baki ba. Shi ya sa iyayenmu mata ke cewa in ba ki da gashin wance, kada ki yi kitson wance. Mukan ɗauki wannan a matsayin shawara ta tattali, alhali har da tsare mutunci a ciki.

Kada a fahimce mu da cewa son mota mai kyau da gudu laifi ne. Mu jikokin masu doki ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan sallah a Kano ko Katsina ko Zazzau ya san yadda ran Bahaushe ke tashi in ya ga ingarma a guje. Amma masu dawaki sun san abin da 'yan kallo ba su sani ba, cewa sukuwar minti biyu tana tsaye ne a kan dawa da harawa da kanwa da sharar barga ta shekara guda. A da, idan aka ga dokin mutum ya rame, haƙarƙari a waje, ba dokin ake zagi ba, mai shi ake ji wa kunya, ko da kuwa ya lulluɓe shi da kayan ado na alfarma. Doki yana da wannan gata, ramarsa ba ta ɓoyuwa. Mota kuwa tana iya ruɓewa ta ciki fentinta na ɗaukar ido, saboda haka kunyar da ke tsare mai doki ba ta tsare mai mota. Abin da ya rage ya tsare shi sai tsoron Allah da halinsa.

Haka abin yake a gareji. Mai mota yana miƙa makulli ya tafi, ba ya ganin ko man da ya biya shi aka zuba, ko an sauya abin da aka ce an sauya. A gaban bakanike shi ma ya zama kamar mai saye a gaban dillali. Amma amanar nan ta ɓangare biyu ce. Mai motar da ke matsa wa bakanike ya yi aikin kwana biyu a yini guda, ko ya ƙi sayen kayan da aka ce ya je Ƙofar Ruwa ko Panteka ya nemo mafi arha, ba shi da bakin kuka in aiki ya ɓaci. Bakaniken da ya ce, "Alhaji, wannan injin ban san shi ba, ka kai wa wanda ya sani," ya yi asarar kuɗin aiki, amma ya fi wanda ya karɓa ya koyi sana'a a kan dukiyar wani daraja nesa ba kusa ba.

To me ya kamaci wanda zuciyarsa ta kwanta da irin wannan mota? Kafin ya biya, ya tafi da bakaniken da ya zaɓa da kansa, a ɗaga motar a duba ƙarƙashinta, a kuma tayar da injin yana sanyi. Kowace mota tana da lambar shaida mai haruffa da lambobi 17, kuma idan daga Amurka ta fito ana iya bin wannan lamba a intanet a ga ko ta taɓa haɗari ko ambaliya ta taɓa cinye ta. Ya tambayi kuɗin taya huɗu da birki da juye, ya auna da samunsa, ya tuna iyali suna gaban mota a layin hakki. In lissafi bai fita ba, ya haƙura. Kallo ma rabo ne.

In kuwa ya saya, ya sayi ƙaramin littafi ya ajiye a motar. Duk juyen da aka yi ya rubuta rana da kilomita da irin man, duk gyaran da aka ɗaga zuwa gaba shi ma ya rubuta. Ranar da zai sayar, ya miƙa littafin tare da makulli, har da shafukan da ba su yi masa daɗi ba. Mai yiwuwa a rage masa kuɗi. Amma wanda ya karɓa zai san abin da ya hau, zai kuma san abin da zai fara gyarawa kafin ya ɗauki 'ya'yansa a ciki.

Allah ya ba mu abin hawa mai albarka, ya kuma tsare mu da cin amanar wanda ba ya ganinmu.