Ƙaryar Ciwo Don Kuɗin Inshora: Wa Aka Cuta?

  

Ya 'yan'uwa matasa, da yawanmu muna da dangi a Manchester da Birmingham, wasu direbobin tasi, wasu suna bin babbar hanyar M6 kullum don neman abinci. Idan hatsari ya faru, akwai tambayar da ke tasowa: mutum ya tsira lafiya, amma wani ya raɗa masa cewa ya ce wuyansa na ciwo, likita ya rubuta, inshora ta biya. Ai kamfani ba mutum ba ne, kuma kuɗin ba na Musulmi ba ne. Shin wannan hujja ce?

Mu fara da abin da ya faru. A shekarar 2009 wata kotu a Manchester ta ɗaure wani matashi daga Bolton shekara huɗu da rabi. Sana'arsa ita ce ya shiga shataletale a Cheadle, ya taka birki kwatsam don motar baya ta buge shi. An lissafa hatsari 93, yana karɓar fam 500 a kan kowanne, masu motocin kuma su je su nemi kuɗin rauni. Ma'aikatan wani ofis da ke kallon wurin ta taga su ne suka lura fuska ɗaya ce kullum. A 2011 kuma, a hanyar A40, irin wannan hatsarin ganganci ya yi sanadin mutuwar wata mata. Kuma a binciken da hukumar yaƙi da zambar inshora, IFB, ta fitar a 2021, unguwannin Birmingham ne a sahun gaba.

To, wa aka cuta? Kamfani ba ya buga kuɗi. Abin da ya biya maƙaryaci, a kan sauran direbobi yake ɗora shi. Farashin inshora yana bin unguwa, don haka maƙwabcinka mai tasi, wanda kuke sahu ɗaya a masallaci, shi zai biya ƙaryarka. Na biyu, mai rauni na gaskiya ya zama abin zargi. Saboda yawan da'awar ciwon wuya, daga 31 ga Mayu 2021 doka a Ingila ta ƙayyade diyyar irin wannan ciwo, ta kuma hana a biya ba tare da shaidar likita ba. Mai gaskiya ya samu kaɗan saboda mai ƙarya ya ci da yawa.

Batun cewa dukiyar ba ta Musulmi ba ce, fiƙihu ya riga ya rufe ƙofar. Malamai sun ce wanda ya shiga ƙasa da aminci, ha'inci ga mutanenta haramun ne a kansa, kuma biza alkawarin aminci ce. Aya ta 188 a Suratul Baƙara ta hana cin dukiyar mutane da ƙarya da kai ƙarar banza gaban mahukunta. Aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayya ta kai mu ga rashin adalci. Shaidar zur kuwa tana cikin manyan zunubai, kuma bayanin da ka ba ɗan sanda ko likita ka sa hannu, shaida ce.

Amma kada mu gudu daga rami mu faɗa rijiya. Akwai mai karaya ta gaskiya, ya yi watanni ba aiki, ya ƙi neman haƙƙinsa yana cewa ƙaddara ce, iyalinsa na yunwa. Musuluncin da ya koya mana ƙaddara shi ne ya wajabta diyya a kan kisan kuskure, a aya ta 92 ta Suratun Nisa'i, malamai kuma suka yi bayanin diyyar raunuka. Gaskiya ne majalisar fiƙihu ta Jidda ta haramta inshorar kasuwanci a 1985, ta halatta ta taimakekeniya. Sai dai inshorar mota tilas ce a Birtaniya tun dokar 1930, a Ghana tun ta 1958, kuma malamai da dama sun yi sauƙi a kan abin da hukuma ta tilasta. Yafewa falala ce, karɓar haƙƙi kuma ba laifi ba ne.

Saboda haka ma'aunin ɗaya ne, a M6 ko a hanyar Accra zuwa Kumasi. Ka tsaya. Ka taimaki wanda ya ji ciwo. Ka faɗa wa 'yan sanda abin da idonka ya gani, ko da laifin naka ne, ko na ɗan'uwanka. Ka nuna wa likita inda ke ciwo, kada ka ƙara. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma gaɓar da ka yi wa ƙarya yau za ta yi magana ranar hisabi.

Allah Ya tsare mu a hanya, Ya azurta mu da halal.