Hasashen Guguwar Rana Tsakanin Lissafi, Rinjayen Zato da Shaci-faɗi

Malaman usulul fiƙihu, wato fannin da ke nazarin tushen hukunce-hukunce, sun daɗe da jera sanin ɗan Adam hawa-hawa. A sama akwai yaƙini, wanda babu kokwanto a cikinsa, sai rinjayen zato, inda ɓangare ɗaya ya fi ɗaya nauyi saboda wata hujja, sannan shakka, inda ɓangarorin biyu suka yi kunnen doki, a ƙarshe kuma wahami, wanda shi ne ɓangaren da aka rinjaya. Wannan tsohon rabo yana da amfani wajen warware wata tambaya ta zamani, wato ko masanin da ya ce ana sa ran wata gagarumar guguwa daga rana cikin shekaru kaza yana magana ne da ilimi, ko yana canki-canki, ko kuwa ya kutsa cikin gaibu wanda Allah ya keɓanta da saninsa.

Abin da ake kira guguwar rana shi ne ɓallewar wani tarin iskar gas mai ɗauke da lantarki da ƙarfin maganaɗisu daga jikin rana, galibi daga kusa da baƙaƙen tabban da ke bayyana a fuskarta, wanda idan ya doshi duniya yakan girgiza garkuwar maganaɗisun da ke kewaye da ita. Mafi shaharar misalinta ya faru a 1859, lokacin da Richard Carrington a Ingila ya ga wani farin haske ya walƙa a kan tabon rana ranar 1 ga Satumba, kuma kafin awa 18 ta cika sai layukan tangaraho suka rikice a Turai da Amurka, lantarki ya fizgi wasu ma'aikata, jan haske ya mamaye samaniya har zuwa Kyuba. A ranar 13 ga Maris 1989 wata guguwar ta durƙusar da wutar lantarkin lardin Kebek na Kanada, ta bar mutane kusan miliyan 6 cikin duhu na tsawon awa 9. Saboda haka aukuwar abin ta tabbata da yaƙini, muhawarar tana kan sanin lokacinsa ne kafin ya zo.

A nan ya wajaba a bambance wannan hasashe da lissafin husufi, domin jama'a sukan haɗa su a kwando ɗaya. Husufi yana bin tafiyar rana da wata da duniya, wadda ƙa'idarta ba ta sauyawa, har mutanen Babila na dā suka gane cewa yana maimaituwa bayan shekara 18 da 'yan kwanaki. Shi ya sa husufin rana na 29 ga Maris 2006, wanda ya duhunta Gusau da Katsina da hantsi, an san ranarsa da mintinsa shekaru masu yawa kafin zuwansa. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi gargaɗin cewa mai ƙaryata irin wannan lissafi da sunan kare addini cutar da addinin yake yi, tunda wanda ya tabbatar da lissafin da idonsa zai koma yana tuhumar addinin ne. Guguwar rana kuwa tana fitowa ne daga tafasar cikin rana da murɗewar maganaɗisunta, al'amarin da ƙaramin bambanci a farkonsa yake haifar da babban bambanci a ƙarshensa, don haka ba ta shiga ƙarƙashin lissafi irin na husufi.

Iyakar abin da aka sani ita ce tabban rana suna yawaita su ragu a zagaye na kimanin shekara 11, zagayen da Heinrich Schwabe na Jamus ya fara bayyanawa a 1843 bayan shekara 17 yana duba rana, amma ko wannan zagayen ya taɓa yin sanyi ƙwarai tsakanin 1645 da 1715. A 2019 kwamitin ƙwararru da hukumomin NOAA da NASA na Amurka suka kira ya yi hasashen cewa zagayen da ake ciki zai kasance mai rauni, da ƙololuwar tabba kusan 115 a Yulin 2025, sai ga shi ya zarce haka sosai kuma ya kai ƙololuwa tun a 2024. Haka nan wani masani mai suna Pete Riley ya ƙiyasta a 2012 cewa yiwuwar guguwa irin ta 1859 cikin shekara goma ta kai kashi 12 cikin 100, wani binciken na 2019 kuma ya sauko da ita ƙasa da kashi 2, kuma dalilin wannan tazara shi ne ƙarancin misalan da za a yi ƙiyasi a kansu. Ko bayan guguwa ta taso, ba a tantance ƙarfin bugunta sai ta wuce kumbunan da ke tsaye kilomita miliyan 1.5 daga duniya, waɗanda gargaɗinsu ba ya wuce minti 15 zuwa awa ɗaya. Wannan duka rinjayen zato ne, mai ƙarfi a wani wuri, mai rauni a wani.

Sai dai akwai tambayar da ta fi wannan zurfi ta fuskar aƙida. Malamai irin su Ibnu Rajab sun raba ilimin taurari gida biyu: ilimin tafiyarsu, wanda ake gane alƙibla da lokuta da hanya da shi, kuma an halatta shi, da ilimin tasirinsu, wanda ke jingina arziki da mutuwa da faɗuwar sarakuna ga matsayin taurari, kuma an haramta shi. To, idan aka ce rana ta ƙona tiransifoma a doron ƙasa, ashe ba a tabbatar mata da tasiri ba ke nan? Amsar tana cikin abin da almajiran tauhidi a ƙasar Hausa suke karantawa daga Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya raba hukunci zuwa na hankali da na shari'a da na al'ada, ya kuma bayyana na al'ada da cewa shi ne ƙulla abu biyu saboda an ga suna maimaituwa tare, alhali saɓawarsu mai yiwuwa ce. Dangantakar guguwar rana da lalacewar waya irin dangantakar wuta da ƙuna ce ko gajimare da ruwa, sababi ne da ake iya bin sawunsa mataki-mataki a auna shi, kuma mumini yana ganinsa a matsayin sunnar Allah a cikin halittarsa ba tare da ya ba rana iko na ƙashin kanta ba. Ɗan duba kuwa ba shi da wata silsila da zai nuna tsakanin tauraro da auren wane ko cinikin wance.

Daga nan ake gane cewa abin da ke raba masani da mai shaci-faɗi shi ne yadda kowannensu yake riƙe da jahilcinsa. Masani yana faɗin hujjarsa, yana faɗin gwargwadon ƙarfinta da lamba, idan kuma rana ta ƙaryata shi sai ya gyara ƙiyasinsa a bainar jama'a, kamar yadda NOAA ta sabunta nata a 2023. Mai shaci-faɗi kuwa yakan yanke ranar da intanet za ta mutu ko duniya za ta shiga duhu, ya ara rigar kimiyya ko ta addini ya yafa, idan ranar ta wuce lafiya sai ya ɗaga ta gaba ba tare da jin kunya ba. Laifinsa shi ne ɗaukar wahami ya sayar da shi da farashin yaƙini, kuma a kan irinsa Hausawa suke cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, domin dacewar da aka yi ba da hujja ba ba ta mayar da canki ya zama ilimi.

Abin da ya rage shi ne ko ya halatta a gina aiki a kan sanin da bai kai yaƙini ba, kuma fiƙihu da kansa ya amsa wannan, tunda alƙali yana hukunci da shaidu, matafiyi yana fuskantar alƙibla da ijtihadi, manomi yana shuka bisa alamun damina, dukansu da rinjayen zato. A Yulin 2012 wata guguwa da masana suka kwatanta da ta 1859 ta ratsa hanyar da duniya take bi, ta bugi kumbon STEREO-A, duniya kuwa ba ta wurin a lokacin. A Mayun 2024 an yi gargaɗi tun kafin guguwa mafi ƙarfi tun 2003 ta iso, masu kula da layukan wuta da taurarin ɗan Adam suka yi shiri, ɓarnar kuma ta taƙaita ga abubuwa kamar rikicewar na'urorin GPS na motocin noma a Amurka ana tsakiyar shuka. Wanda ya yi shirin bai yi da'awar sanin gaibu ba, domin gaibun da aka keɓe shi ne abin da babu wata alama ko sababi da zai kai mutum gare shi. Ya dai karanta alamar da aka bayyana masa, ya ba ta nauyin da ta cancanta, ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah.