Tsakanin Wanda Ya Ƙi Da Wanda Ya Kasa

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. To amma 'yan'uwa, tambayar da muke so mu tattauna a wannan fitowa ita ce: shin mutumin da ya taɓa cin bashi bai biya ba, ya cancanci a sake ba shi rance don ya mallaki gidan kansa na farko?

A da, idan magidanci a Gulma ko Argungu yana neman rance, shaidar mutane ita ce jarinsa. Mai unguwa ya san shi, liman ya san shi, kuma akwai dattijon da zai tsaya masa. Yau kuwa takarda ta maye gurbin dattijo. Dokar Asusun Gidaje ta Ƙasa ta 1992 ta tanadi a riƙa cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, domin wata rana ya sami rancen gida daga Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya. Daga baya aka sami kamfanonin da ke adana tarihin masu cin bashi, aka kawo lambar BVN a 2014, sannan dokar 2017 ta ƙarfafa wannan tsari. Saboda haka duk wanda ya nufi banki, tsohon bashinsa ya riga shi isa. Hatta bankunan da ba sa ta'ammali da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, sai sun duba wannan kundi.

Ba mu ga laifin banki ba. Kuɗin da ke hannunsa amanar jama'a ce, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sai dai kundin yana da nakasa guda: ya san cewa ba a biya ba, amma bai san dalili ba.

Mu ɗauki misali da ƙaramin ma'aikacin da ke haɗa aikinsa da noman shinkafa a fadama. A 2015 aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Banki a Birnin Kebbi, shi ma ya karɓa. A daminar 2020 ambaliya ta cinye gonakin Kebbi, tasa na ciki. Maƙwabcinsa kuwa ya girbe, ya sayar, ya ce ai kuɗin gwamnati rabonsa ne. A cikin kundi sunansu ɗaya, alhali ɗaya ya kasa ne, ɗaya kuwa ya ƙi. Wanda ya yi musu hukunci guda bai yi adalci ba, lissafi kawai ya yi.

Abin lura shi ne, surar da ta umarce mu da rubuta bashi, wato Baƙara, ita ce kuma ta umarce mu da jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Mun riƙe rubutun, mun saki jinkirin. A ganinmu, wajibi ne mai ba da rance ya saurari dalili, ya karɓi shaidu, ya bar ƙofar da mutum zai bi ya wanke sunansa.

Shi ma mai neman gida akwai nasa nauyin. Kada ya ɓoye tsohon bashi, ko ya fake da sunan ƙaninsa. Ya koma wurin masu binsa, a yi yarjejeniya a rubuce, ya riƙa biya ko da kaɗan-kaɗan ne, ya adana rasit. In ya daɗe a kan haka, ya gina wa kansa sabuwar shaida, wadda ita ce harsashin gidan tun kafin a aza tubali.

Hali zanen dutse ne, gaskiya ne, amma masifa ba hali ba ce. Mu marubuta, da muke ƙirƙiro macuta da waɗanda aka cuta a littattafanmu, mu ya fi kamata mu nuna wa jama'a wannan bambanci. Allah Ya rufa mana asiri, Ya raba mu da kwanan haya da bashin da ba ranar biya.