Littafin Ma'aji

An yi wani yaro a Yelwa mai suna Ɗanjuma, ɗan Sarkawa. Yana goye aka gama datse Kwara a Kainji a 1968, ruwa ya cinye tungarsu. Uban ya dubi tafkin ya ce tunda ruwa ya sake hali, ɗaya cikin 'ya'yansa sai ya yi boko. Abin ya faɗa kan Ɗanjuma.

A 1985 ya sami gurbin karatun akanta a Jami'ar Ahmadu Bello, ɓangaren Kongo. Ya sauka Zariya da akwatin kwano da ƙullin busasshen kifi, bai san kowa ba, ya kwana biyu a masallaci. Rana ta uku wani ɗalibi ya ji shi yana ciniki wajen mai shayi, ya gane harshen mutanen bakin ruwa. Bala ke nan, ɗan Ngaski, shugaban ƙungiyar ɗaliban ƙasar Yauri. Ya saɓa akwatin a kafaɗa, ya kai shi ɗakinsa, ya raba masa katifa.

Ƙungiyar ba irin ta asirin nan ba ce da ake jin labari a wasu jami'o'i, ba rantsuwar dare, ba makami. 'Yan Yauri da Ngaski da Shanga ne su wajen talatin, suna tara kuɗin wata, suna girki a tukunya ɗaya in aljihu ya bushe, manya suna bar wa ƙanana littattafai.

Da shekara ta zagayo aka naɗa Ɗanjuma ma'aji. Bala ya miƙa masa littafi mai baƙin bango, ya ce kada ya sa hannu a kan abin da bai ƙirga da yatsunsa ba, ko da shi Shugaba ne ya kawo. Bayan mako biyu ya kawo masa kuɗin wata a dunƙule. Kunya ta hana Ɗanjuma ƙirgawa, ya sa hannu. Ranar taro Bala ya zaro naira biyu daga aljihu ya ɗaga sama, ya ce ga abin da ya rage da gangan, Ma'aji ya shaida abin da bai gani ba. Aka yi ta dariya, shi kuwa gumi ya jiƙa masa riga.

Da 'yan sanda suka harbi ɗalibai a watan Mayun 1986 aka rufe jami'ar, kuɗin littafin nan ne suka ɗauki hayar motar da ta kwaso su ta Kontagora har gida. Bala bai shiga ba sai da ya ƙirga kawuna sau biyu.

Kwanci-tashi aka ƙirƙiro jihar Kebbi a 1991, guraben aiki suka buɗe, 'yan ƙungiya suka riƙa jan juna. Bala da ƙafarsa ya kai takardun Ɗanjuma Birnin Kebbi. Ɗanjuma ya cancanta, amma masu cancanta nawa suka tsufa a zaune don ba wanda ya san su? Shi Bala kwangila ya kama. Shi ya biya sadakin Ɗanjuma, kuma har furfura ta fito ba su daina kiran juna Shugaba da Ma'aji ba.

A watan Mayun 2021 wani jirgin ruwa da aka yi wa lodi fiye da kima ya taso daga ɓangaren jihar Neja ya nutse kusa da Wara, mutane da dama suka rasu. Bayan haka wata hukuma ta ba da kwangilar rigunan kariya 1,000 don masu jirage. Bala ya samu. Wanda zai duba kaya ya sa hannu kafin a biya kuwa, Ɗanjuma ne. Ya shiga sito ya ƙirga, ya sami 640.

Bayan sallar isha'i Bala ya yi sallama. Ya ce farashi ya tashi tsakanin ba da aiki da sayen kaya, ga bashi ya kai masa wuya, ga bikin 'yarsa. Ma'aji ya sa hannu kawai, kuɗi na fita zai cike sauran. Bai ambaci katifa ba, bai ambaci sadaki ba. Ɗanjuma ya ce, Yaya, a ba shi kwana biyu.

Maiɗakinsa da ta ji, ta ce wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Ɗanjuma bai runtsa ba. In ya ƙi, Bala ya karye, garin kuma ya kira shi butulu har ya mutu. In ya yarda, ya san halin kuɗin da suka riga suka shiga hannun mai bashi. Ya kuma san ruwan nan. Ya san kututturan itatuwan da tafkin ya binne suna nan tsaye a ƙasa, ya taɓa taya mahaifinsa tsamo gawar yarinya da ƙullin albasa ɗaure a zaninta. Da asuba ya buɗe tsohon akwatin kwano ya fito da littafin.

Ya bi 'yan ƙungiya da waya ɗaya bayan ɗaya. Ranar Juma'a mutum goma sha ɗaya suka hallara a zaurensa, da likita, da alƙali mai ritaya, da shugaban makaranta, da wani da ya bar aikin gwamnati ya koma fataucin albasa. Ya buɗe sabon shafi, ya ce Shugaba ya shiga matsi, riguna 360 ake nema. Ya fara rubuta sunansa, ya sa kuɗin filin da ya saya don ginin ritaya.

Bala ya miƙe ransa a ɓace, ya ce a ɓoye ya zo, aka tona masa asiri gaban ƙannensa. Alƙali ya ce ya zauna, nan ba baƙo, kuma rance ne ba sadaka ba. Littafi ya zagaya, kowa ya rubuta abin da zai iya.

Bayan mako uku kaya suka iso. Ɗanjuma ya ƙirga su ɗai-ɗai, yana jan igiyar kowace, Bala na tsaye a rana. Ya ware uku da ɗinkinsu ya saki, sai da aka canjo su sannan ya sa hannu.

Bala ya biya rancen kaɗan-kaɗan ta hannun alƙali, amma bai sake taka zauren Ɗanjuma ba. In ka zauna da tsofaffin 'yan ƙungiyar a Yelwa, za ka ji wasu na cewa Ma'aji ya kunyata yayansa, wasu na cewa ya tsamo shi. Da yaran ƙungiyar na yanzu suka zo daga Zariya suna roƙon Bala ya zama ubansu, sai ya ce su tashi. Ya raka su har bakin layi, ya nuna musu ƙofar gidan Ɗanjuma, ya ce can za su.